Tsokata tana rawa, ina tsoron cutar ALS

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Tsokar sharaɓata da fatar idona suna yawan rawa ba tare da ciwo ba, kuma tun da na karanta a intanet labarin cutar ALS, wadda ke lalata jijiyoyin da ke motsa tsoka, hankalina ya kasa kwanciya. Ko akwai wanda ya san wannan lamari?

Hajiya: Wa alaikumus salam, ɗana. Galibi rashin barci, yawan shan kofi, gajiya da damuwa ne ke haddasa wannan rawar, kuma tsoron da kake ciki shi kansa yana ƙara ta.

Malam: Abin da likitoci suka fi dubawa a ALS shi ne rauni na gaske da ke ƙaruwa, kamar hannu ya kasa ɗaura maɓalli ko ƙafa ta riƙa jan ƙasa, ba rawar tsoka kaɗai ba. Cutar ba ta da yawa, kusan mutum 2 cikin 100,000 take kamawa a shekara. Ka je wurin likitan jijiyoyi ya gwada ƙarfinka, idan ya ga dama ya yi maka gwajin EMG, wato gwajin da ke auna yadda tsoka da jijiyoyinta suke aiki.

Mai tambaya: Na gode, Malam. Zan nemi ganin likita cikin makon nan.