"Da tsohuwar zuma ake magani": har da golan da ya ajiye safar hannu?

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Jiya gardama ta kaure a gidan kallo nan Agege, har mai gidan ya kashe janareta. An tuno lambar girmamawar da hukumar ƙwallon Turai UEFA ta ba Buffon, tsohon golan Italiya, a 2024, wani dattijo ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Wani matashi ya ce, Baba, nan ba muhallinta ba ne, mutumin da ya yi ritaya tun 2023 wane magani zai yi? Dattijo ya ce an yi masa fitsara. Wa ke da gaskiya?

Mai Goro: Wa alaikumus salam. Yaron bai yi ƙarya ba, lafazi ne bai iya ba. Ana kawo karin maganar ne idan abu ya cije aka koma wa tsohon hannu. El-Hadary golan Masar yana da shekara 45 ya tare fanaretin Saudiyya a kofin duniya na 2018. Zoff golan Italiya ya ɗaga kofin a 1982 yana da 40. Waɗannan su ne zuma a bakin aiki. Ranar karramawa kuwa, yabon gwani ya zama dole, ita ce tata.

Koci Idi-Araba: Malam Mai Goro, bari in faɗi me ke tsufa a jikin gola. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayi 2.44, ba wanda ke rufe ta da tsalle kawai. Tsohon gola yana tsayawa kan layin da ya haɗa ƙwallo da tsakiyar raga, ya fito taku biyu ko uku ya matse wa ɗan gaba hanya, sai ka ga ƙwallo ta zo masa ƙirji ka ce sa'a ce. Yaro kuma ya maƙale a layi, ya yi shawagi, a tafa masa, alhali tsayuwarsa ce ta ɓaci tun farko. A bugun tazara daga mita 20 ta tsakiya, mutum huɗu ko biyar ake jerawa su tare ɓangare ɗaya, gola ya riƙe ɗayan. Kuskuren yara shi ne taku ɗaya zuwa bayan katangar kafin a buga. Nauyi ya koma ƙafa ɗaya, ƙwallo ta shiga gefen da aka ba shi amana. Abin da shekaru ke ci shi ne gwiwa: miƙewa a tare ta biyu bayan an ture ta farko, da ja da baya idan an ɗaga ta sama.

Hajiyar Obalende: Koci, ku bar raga tukuna, ba kowace zuma ke tsufa lafiya ba. Kakarmu ba ta karɓar saƙa sai wadda ƙudan suka toshe bakinta da kaki, don wadda ba a toshe ba ruwa ne a cikinta, takan yi kumfa ta yi tsami. Ta tace da ƙyalle ba tare da ta ɗora a wuta ba, ta zuba a busasshen tulu, ta liƙe murfin da kaki, ta tura ƙarƙashin gado. Akwai tulun da ya kai shekara bakwai, ba mai taɓa shi. Ranar da ɗan maƙwabta ya ƙone a hannu aka zo roƙo, ta buɗe sai wari ya buge ta. Ashe kishiyarta ta daɗe tana ɗiba da jiƙaƙƙen ludayin koko tana mayar da murfi. Ba su yi magana ba har babbar sallah, kuma har ta rasu ludayi ba ya kwana a ɗakinta.

Mai Goro: Allah ya jiƙan Inna. To kishiyar ta samu lafiya dai?

Direban Mile 12: Hajiya, irin wannan tulun ne ake liƙa mana a gadar Oshodi duk bayan shekara huɗu. Tsohuwar zuma, in ji fosta. Ludayi nawa ya shiga ciki, Allah masani.

Koci Idi-Araba: Kuma 'yan siyasar nan su ne masu raba lambar yabo a nan gida. 'Yan wasan Najeriya da suka ci kofin Afirka a 1994 sai da suka fi shekara 20 suna jiran gidajen da aka yi musu alkawari. Golansu Peter Rufai, Dodo Mayana, ɗan Legas ɗin nan, ya rasu a Yulin 2025, sai ga yabo kamar ruwan sama. Gola Enyeama ma wasa 101 ya yi wa Najeriya, ya yi minti 1,062 a ƙungiyar Lille ta Faransa ba a ci shi ba.

Direban Mile 12: Ni tawa ita ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ku dubi yatsun tsohon gola ku gani, duk a karkace.

Hajiyar Obalende: Kai dai ba ka da dama. Af, kada a ba jaririn da bai shekara ba zuma, tsohuwa ko sabuwa.

Ɗan Agege: To me zan faɗa wa dattijon? Yau da daddare akwai wasa, kuma benci ɗaya suke zama da yaron.