Neman shawara: Gajiya ta fara sa ni kuskure a takardun kotu, shin gajeren hutu zai taimaka?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum manyanmu da 'yan'uwa a wannan aiki. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, na daɗe ina juya maganar a raina kafin in kawo ta.

Shekarata ta huɗu ke nan ina aikin lauya a wani ofis mai zaman kansa, ɓangaren ƙararrakin kasuwanci. Ina shiga kafin ƙarfe 8 na safe. Ranar da babu kotu ba na ɗagawa daga kujera sai wajen ƙarfe 2, kuma yawanci sai 8 ko 9 na dare nake kashe kwamfuta. A wurinmu ana rubuta lokacin da kowa ya yi a kan kowane fayil, an kasa awa gida goma, minti shida-shida. Duk minti shidan da ban ɗora a kan wani fayil ba, ji nake kamar na ci bashi.

A da ba na damuwa, don ina son aikin. Amma wata huɗu ke nan abin ya canja. Sai in karanta sakin layi ɗaya na yarjejeniya sau uku ban riƙe komai ba. Idan waya ta yi ƙara na ga wanda muke karewa ne, sai gabana ya faɗi, alhali bawan Allah bai yi mini komai ba. Makon jiya na shirya takardar rantsuwa na sa mata lambar wata ƙara daban. Allah ya taimake ni magatakarda ya lura kafin a karɓa. Ban taɓa irin wannan ba. Barci kuwa ina yi, amma in tashi kamar ban kwanta ba.

Wani abokina ya ce in riƙa ɗaukar hutun minti biyar ko goma a tsakanin aiki. Da gaske ɗan wannan zai yi wani abu? Kuma yaya ake yinsa a ofishin da maigida zai wuce ya ga kujerarka babu kowa?

Wata babbar lauya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi daidai da ka faɗa. Na fi shekara ashirin a wannan aiki, kuma abin da ka lissafa na shiga cikinsa a shekarata ta shida. Ni wa'adin shigar da takarda ne ya kusa wuce ni, saura kwana ɗaya na tuna, kuma har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Hutun yana taimakawa, amma sai ka san irin hutun. Da na fara, na ɗauka hutu shi ne in janye ido daga kwamfuta in ɗauki waya. Sai in tarar da saƙon wanda muke karewa, ko tambayar abokin aiki, ko labarin da zai ɓata mini rai. In koma aiki na fi dā gajiya. Sai da na gane cewa ido da ƙwaƙwalwar da suka gaji da karatu, ba za su huta da wani karatun ba. Yanzu waya a kan tebur nake barin ta. In tashi, in taka zuwa ƙarshen baranda in dawo, in tsaya bakin taga in kalli abu mai nisa, in sha ruwa a tsaye. Minti biyar zuwa bakwai, shi ke nan.

Abu na biyu, ba na tashi a tsakiyar tunani. A mahaɗar aiki nake tashi: na gama hujja ɗaya kafin in shiga ta gaba, na rufe fayil kafin in buɗe wani, na dawo daga kotu kafin in zauna rubutu. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Wanda ya fito daga yi wa shaida tambayoyi, jininsa bai kwanta ba, kunnensa na jin muryar lauyan ɗaya ɓangaren. Idan ya zauna nan take ya buɗe wani fayil, rabin hankalinsa yana kotu. A irin wannan lokacin ake sa lambar wata ƙara a takardar wata. Akwai wata mai bincike, Sophie Leroy, da ta nuna hakan a 2009: idan mutum ya bar aiki ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yana maƙale a na farkon, musamman idan bai kammala shi ba.

Saboda haka kafin in tashi nakan rubuta layi ɗaya a takarda: "Na tsaya a sakin layi na 14, saura amsa hujjarsu ta wa'adi." Da na rubuta, sai raina ya saki abin.

Wani likita:

Barista, sannu da ƙoƙari. Alamomin da ka faɗa sun yi kama da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 a matsayin matsananciyar gajiyar aiki. Ba ta sa shi a jerin cututtuka ba, ta kira shi yanayi da ke tasowa daga damuwar wurin aiki wadda ta daɗe ba a shawo kanta ba. Ta ba shi alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, jin mutum ya nisanta da aikinsa ko ya fara ƙinsa, da raguwar ƙwarewa. Duk ukun na gan su a rubutunka.

Game da gajeren hutu, a 2022 masu bincike a wata jami'a ta Romaniya sun tattara nazarce-nazarce 22 a kan hutun da bai wuce minti 10 ba, na mutum sama da 2,300. Sun samu cewa yana rage gajiya, yana ƙara kuzari. Amma a aikin da ke cin ƙwaƙwalwa sosai, minti 10 bai cika isa ya ɗaga ingancin aikin kansa ba, ana buƙatar wanda ya fi haka tsawo. Rubuta jawabin ƙarshe ko bin yarjejeniya mai shafi 80 yana cikin wannan rukuni. Don haka gajerun hutu ba su maye gurbin hutun tsakar rana na akalla rabin awa nesa da tebur.

Abin da ya fi damuna awanninka ne. Idan na lissafa daidai, kana haura awa 60 a mako. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana tafiya da ƙarin kashi 35 cikin 100 na haɗarin shanyewar ɓarin jiki, da kashi 17 na mutuwa ta ciwon zuciya, idan aka kwatanta da awa 35 zuwa 40. Hutun minti biyar ba zai goge wannan ba.

Kuma don Allah, barcin da ba ya wartsake ka da faɗuwar gaban nan, ka je likita ya duba ka. Ƙarancin jini, matsalar ƙwayar thyroid da ke maƙogwaro, hawan jini da ciwon damuwa duk suna iya zuwa a wannan kama. A binciken da aka yi wa lauyoyi 12,825 a Amurka aka wallafa a 2016, kashi 28 cikin 100 suna da alamomin ciwon damuwa, kashi 19 na fargaba. Ba kai kaɗai ba ne, kuma ba rauni ba ne.

Wani lauya, ɓangaren yarjejeniyoyi:

Ni dai ina da ja a wuri ɗaya, ɗan'uwa, kafin wani ya kawo maka tsarin nan na Pomodoro, wanda Francesco Cirillo ya ƙirƙiro: aiki minti 25, hutu minti 5. Na gwada shi wata guda. Ga amsa wasiƙu da jera takardu yana da kyau. Ga rubutun hujja kuwa ya cuce ni. Ni sai na yi minti 20 kafin in riƙe zaren shari'a gaba ɗaya a kaina, wa ya ce me, wane hukunci ya goyi bayan wane. Daidai lokacin ne agogo zai buga. Na koma minti 75 zuwa 90 ina aiki, sannan in tashi minti 10 zuwa 15. Kowa da tsawon numfashinsa. Ka lura da kanka mako guda: a minti na nawa ka fara maimaita layi? Ka sa hutunka kafin wannan lokacin, kada ka jira sai ka kai.

Maganar minti shida-shida kuma, ka yi lissafi da gaskiya. Sakin layin da ka karanta sau uku, sau uku ka rubuta wa mutum kuɗinsa? Idan ka rubuta, ka ɗora masa kuɗin gajiyarka. Idan ba ka rubuta ba, to lokacin ya riga ya tafi, kuma ko hutun ba ka samu ba.

Wata matashiyar lauya:

Ni ciwon kai na yamma ne ya dame ni. Likitan ido ya ce duk minti 20 in kalli abu mai nisan kamar taku 20 na daƙiƙa 20. Ba sai ka tashi ba, babu ma wanda zai lura. Ya rage mini sosai. Kuma ganawa ta bidiyo, na daina jera su kai da kai, ina sa ta minti 50 maimakon awa.

Wani malamin shari'a:

Bari in ƙara da abin da ake yawan kawowa a wannan magana. A 2011 an wallafa nazari a kan hukunce-hukunce 1,112 na alƙalan sakin fursunoni a Isra'ila. An ga cewa a farkon zama kusan kashi 65 cikin 100 na buƙatun ake amincewa da su, adadin ya riƙa sauka har kusan babu, sannan ya koma sama bayan alƙalan sun yi hutu. Daga baya wasu masana sun nuna cewa jerin shari'un ba haka kawai yake ba, fursunonin da ba su da lauya galibi su ake gani a ƙarshen zama. Saboda haka ba na kafa hujja da lambobin. Amma duk wanda ya daɗe a kotu ya ga mai shari'a ya ce a dakata na ɗan lokaci, ya shiga ciki, ya fito. Babu wanda ya taɓa cewa ya yi lalaci. Lauyan da ke gabansa ne kawai ke jin kunyar yin haka a ofis.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, zan je a duba ni cikin makon nan. Jiya na gwada barin waya a tebur sau uku, kuma na rubuta inda na tsaya kamar yadda Yaya ta ce. Da na dawo ban ɓata lokaci wajen neman bakin zaren ba. Abin da ya rage mini shi ne maigida. Fayil 31 ne a hannuna yanzu. Yaya, ta ina zan fara masa magana ba tare da ya ɗauka na gaza ba?

Babbar lauya:

Kada ka fara da "na gaji", ƙanena, don kowa a ofishin ya gaji, shi ma haka zai ce maka. Ka fara da takardar rantsuwar nan. Ka faɗa masa da bakinka, ka ce an gyara, kuma ba ka son a sake. Maigidan ofis ya san abin da kuskure a takarda ko wucewar wa'adi ke jawowa: a yi watsi da ƙara, a kai ofis gaban kwamitin ladabtarwa, sunan da aka yi shekaru ana ginawa ya ɓaci. Wannan yaren yake ji.

Ka shiga da takarda ɗaya. Ka jera fayil 31 ɗin, kowane da ranar kotunsa da wa'adinsa na wata biyu masu zuwa, ka ja layi a ƙarƙashin waɗanda suka ci karo. Sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, waɗanne zan sa a gaba, waɗanne kuma za a iya ba wani ko a nemi ƙarin lokaci?" Ka bar shi ya zaɓa. Ka roƙi abu ɗaya tak a ranar: duk takardar da za ta kotu, wani ya sake duba ta kafin ta fita.

Tashi na minti biyar kuwa, kada ka nemi izininsa. Ka yi abinka. Idan ya tambaya, ka ce ka gama sashe ɗaya kana so ka dawo wa na gaba da sabon ido. Ka nemi ganinsa da safe, ranar da ba shi da kotu, kuma in kun gama ka dawo ka faɗa mana yadda kuka yi.