Danshi ya hana algaitar Sikotlan ɗina yin amo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyon busa algaitar Sikotlan mai jaka a Gilasgo, danshi kuwa ya sa ni a gaba. Jakata ta roba ce, ba ta fatar tunkiya ba, don haka ba ta shanye tururin numfashi. In na ɗan jima ina busa cikin sanyi, sai ruwa ya taru a kan karan da ke kaɗawa ya ba da sauti a cikin bututun algaitar guda uku masu amo, su fara gargada, su ɗauke.

Na sa tarkon ruwa a bututun hurawa, bai isa ba. Da na ƙara gwangwanin ƙwayoyi masu tsotse danshi, sai karan bututun da ake dannawa da yatsu ya bushe, sautinsa ya yi siriri. Wannan ne ya fi damuna.

Don Allah, masu busa irin wannan algaita, yaya kuke daidaita danshin, kada ya yi yawa kuma kada karan ya bushe? Ko dai in koma jakar fata?