Tambaya kan alamta manyan kuɗaɗe a cikin jimilla ta Excel

Assalamu alaikum. Ni ne ke riƙe lissafin shagonmu na hatsi a Kasuwar Dole, nan Damagaram, kuma Excel ɗin kwamfutata na Faransanci ne. Kuɗin da muke kashewa kowace rana suna jere daga B2 zuwa B31, jimillarsu kuwa tana B32 da =SOMME(B2:B31).

Ina so duk ranar da kashewarta ta haura kashi ɗaya cikin huɗu na jimillar a rubuta "BABBA" a gefenta. Na sa =SI(B2>B32/4;"BABBA";"") a C2, amma da na ja ta zuwa ƙasa sai kusan kowane layi ya zama BABBA, domin B32 ta koma B33, wadda babu kome a cikinta. Na gyara zuwa $B$32, wannan ya warware.

Abin da ya gagare ni shi ne layuka uku da ƙanena ya cike, inda ya rubuta 7.500 da ɗigo. Kuɗin dako ne kawai, sefa jaka bakwai da rabi, amma har yanzu suna fitowa BABBA, lambobin sun maƙale a hagun akwatinsu, kuma jimillar ta gaza abin da ke cikin littafinmu da daidai kuɗinsu.

Yaya zan gyara layukan nan uku domin SI da SOMME su lissafa su daidai? Na gode.