Me ya sa waƙar wani dattijon mawaƙi take taɓa ni haka?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai wata waƙa ta wani dattijon mawaƙi da marigayi mahaifina yake saka kaset ɗinta kowace safiya, kuma har yau duk lokacin da na ji ta sai idona ya ciko da ƙwalla, alhali kalmominta ba su shafi rayuwata ba. Shin akwai dalilin haka?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan mahaifinka. Masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa abin da mutum ya ji tsakanin shekara 10 zuwa 30 ya fi zama a ƙwaƙwalwa. Akan samu masu ciwon mantuwa da sunayen 'ya'yansu sun ɓace musu, amma suna bin waƙar ƙuruciyarsu baiti-baiti.

Tsohon Masauraci: A ganina muryar ma tana da nata rabo. Na saurari waƙar da mawaƙina ya rera yana saurayi da wadda ya maimaita bayan ya yi furfura, sai ta biyun ta fi shiga raina, domin dusashewar muryar da jan numfashin da yake yi kafin amshi sun sa na gaskata shi.

Mai Tambaya: Amin, na gode. Kaset ɗin yana nan cikin akwatinsa, sai dai na rasa rikodar da zan saka shi.