Muhawara: Shin Ƙwallon Beckham ta 1996 Ce Ta Fi Duk Ƙwallayen Nesa?

Autan Sawaba: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na kawo muku magana, kuma a shirye nake in kare ta. A cikin duk ƙwallayen da aka taɓa ci daga nesa, babu wadda ta kai wadda David Beckham na Manchester United ya zura wa Wimbledon ranar 17 ga Agusta, 1996, a filin Selhurst Park, ranar da aka buɗe kakar Firimiya ta wannan shekara. Yana da shekara 21 kacal, ya karɓi ƙwallo daf da layin tsakiya, ya ɗaga kai ya hangi mai tsaron gida Neil Sullivan ya baro layinsa, sai ya ɗaga masa ita daga tazarar da ta kai mita 50, ta wuce ta saman kansa ta faɗa raga. Pele kansa ya gwada irin wannan bugun a gasar cin kofin duniya ta 1970 a wasan Barazil da Cekosulobakiya, ƙwallon ta wuce ta gefen turke. Abin da ya gagari Pele, yaro ɗan shekara 21 ya yi shi, don haka ban ga wadda za a ajiye kusa da ita ba.

Kawu Tsohon Gola (Aboabo): Wa alaikumus salam, ɗana. Ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilina a matsayina na wanda ya tsare raga a ƙuruciyarsa a filayen unguwarmu. Idan tsawon tazara ne ma'auni, to Beckham ba ya ma cikin sahun gaba, domin Asmir Begovic, wanda shi kansa mai tsaron gida ne, ya ci wa Stoke City ƙwallo a ragar Southampton a Nuwamban 2013 daga mita 91.9, kuma Tom King na Newport County ya wuce shi a Janairun 2021 da mita 96.01 a wasansu da Cheltenham. Babu mai hankalin da zai ce waɗannan su ne mafiya kyawun ƙwallayen nesa, saboda kowa ya san iska ce da tsallen ƙwallo suka yi aikin. Ke nan tsawon tazara shi kaɗai bai isa hujja ba.

Ƙwallon nesa iri biyu ce. Akwai wadda ake ɗaga wa mai tsaron gida bayan ya baro wurinsa, akwai kuma wadda ake dukansa da ita yana tsaye a wurinsa, yana kallonka, ya shirya, amma ta gagare shi. Wanda ya tarar da ƙofa a buɗe ya shiga ba za a haɗa shi da wanda ya tarar da mai gida tsaye a bakin ƙofa ya wuce shi ba. Ta Beckham tana cikin iri na farko, kuma rabin labarinta kuskuren Sullivan ne. Ka kuma tuna cewa United tana gaba da ci 2 da nema, wasa ya zo ƙarshe, ko ya zubar da ita babu abin da zai biyo baya. Ni a wurina ka duba ta Tony Yeboah, haifaffen garin nan namu na Kumasi, wadda ya ci wa Leeds a ragar Liverpool a Agustan 1995 a filin Elland Road. Rod Wallace ya sauko masa da ita da ka, ya ɗauke ta tun ba ta taɓa ƙasa ba, ta daki ƙarfen sama ta shiga, David James yana tsaye a wurinsa bai iya komai ba, kuma ita kaɗai aka ci a wasan.

Malamin Lissafi (Asawase): Kawu, da girmamawa, ina ganin ka rage wa bugun Beckham daraja fiye da kima. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44. Wanda yake tsaye a mita 25 yana fuskantar tsakiyar raga yana ganin faɗinta a kusurwar da ta kusa digiri 17, amma wanda yake a mita 50 bai wuce digiri 8 da ɗoriya yake gani ba, wato ɗan kaucewar ƙafa kaɗan ya isa ya kai ƙwallon wajen 'yan kallo. Bayan haka dole ƙwallon ta yi sama sosai har ta fi ƙarfin hannun mai tsaron gida, sannan ta sauko da wuri kafin ta wuce ƙarfen sama, kuma dole ta riga shi isa alhali yana gudu da baya. Ƙofar da kake cewa a buɗe take ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma a kowace daƙiƙa rufewa take yi.

Duk da haka ban bi bayan Auta ba. Idan ana maganar abin da ƙafa za ta iya sa ƙwallo ta yi, bugun tazarar Roberto Carlos na Barazil a ragar Faransa ranar 3 ga Yuni, 1997, a birnin Lyon, shi ne abin nazari. Daga kimanin mita 35 ya doke ta da bayan ƙafarsa ta hagu, ta kauce wa katangar 'yan wasa har ta zama kamar ta nufi waje, sannan ta lanƙwaso ta goga turke ta shiga, Fabien Barthez bai ko motsa ba. Dalilin lanƙwasowar shi ne juyawar da ƙwallon take yi a cikin iska: yayin da gudunta yake raguwa, juyawar ba ta raguwa da sauri kamarsa, sai lanƙwasar ta ƙara tsanani a ƙarshen tafiya. Wannan ba zai bayyana a gajeriyar tazara ba, shi ya sa nake cewa a wannan ƙwallon nisan kansa yana cikin gwanintar.

Yaya 'Yar Tafo: Ƙanena Auta, ko a cikin irin ƙwallayen da ake ɗaga wa mai tsaron gida, Beckham ba shi ne na ɗaya ba. Shekara guda kafin tasa, a watan Mayun 1995, Nayim na Real Zaragoza ya ɗaga wa David Seaman na Arsenal ƙwallo daga can kusa da layin gefe, bai yi nisa da tsakiyar fili ba, a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci, a wasan ƙarshe na kofin Turai na ƙungiyoyin da suka lashe kofunan ƙasashensu, a birnin Paris. Ana kunnen doki 1 da 1, kowa ya sa rai da bugun fenariti, ita ce ta ba su kofi. Akwai kuma Carli Lloyd ta Amurka, wadda ta ci Japan daga layin tsakiya a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta mata a 2015 a Vancouver, kuma ita ce ƙwallonta ta uku cikin minti 16 na farkon wasan. Me ya sa wasan farkon kaka da Wimbledon zai fi waɗannan? Amsar da na gani ita ce Firimiya ta fi kowace gasa shiga gidajenmu, an yi ta maimaita mana wannan hoton har ya zauna a zukatanmu.

Baba Alhaji (Alabar): 'Yata, kin taɓo inda nake so a je. Ƙwallo ba a raba ta da ranar da aka ci ta. Ranar 2 ga Yuli, 2010, a filin Soccer City na Johannesburg, Gana ce kaɗai ta rage wa Afirka a gasar cin kofin duniya ta farko da aka yi a ƙasar Afirka, kuma babu wata ƙasar nahiyar nan da ta taɓa kai wa wasan kusa da na ƙarshe a wancan lokacin. Ana daf da tafiya hutun rabin lokaci Sulley Muntari, ɗan Konongo, ya juya da ƙwallo a tazarar da ta haura mita 30, babu wanda ya zaci zai buga, ya sake ta da ƙafar hagu ta wuce Fernando Muslera na Yurugwai. Duk wanda yake Kumasi a wannan dare ya san yadda Zango ya ɗauki kuwwa daga Aboabo har Alabar. Haka nan 'yan'uwanmu na Najeriya ba za su manta da ta Sunday Oliseh ba, wadda ya ci Sifaniya da ita a birnin Nantes a 1998, aka tashi 3 da 2. Yaron da ya buga ƙwallo alhali nahiya guda tana kallonsa ya ɗauki nauyin da Beckham bai ɗauka ba a wannan yammaci.

Autan Sawaba: Baba, Allah ya ƙara girma, ni ma ina cikin waɗanda suka fita titi a wannan dare, amma ƙauna daban, hukunci daban. Idan Kawu ya ce rabin ƙwallon Beckham kuskuren Sullivan ne, to adalci ya sa a faɗi haka game da ta Muntari, domin Muslera ya fara karkata ɗaya ɓangaren kafin ya gane inda ta nufa, kuma ƙwallon Jabulani da aka yi gasar da ita manyan masu tsaron gida irin su Iker Casillas da Julio Cesar sun yi kuka da yadda take kaucewa a iska. Sannan Diego Forlan na Yurugwai ya farke ta bayan an dawo daga hutu, kuma mun san yadda daren ya ƙare, an fitar da Gana a bugun fenariti. Game da Yeboah kuwa, Kawu, layin yadi 18 yana mita 16.5 ne daga raga, shi kuma bai wuce shi da nisa mai yawa ba. Ƙwallo ce ta ƙarfi da gwaninta, ban musa ba, amma a muhawarar nesa tana bakin iyaka. Abin da nake riƙe da shi a kan Beckham shi ne niyya. Har yau ana gardama ko Ronaldinho ya nufi raga ne ko ya nufi kan abokan wasansa lokacin da ya ci Ingila da bugun tazara a 2002, amma babu wanda ya taɓa shakkar abin da Beckham ya nufa, domin an ga lokacin da ya ɗaga kai ya duba.

Ɗan Akwatia Line: Ina mamakin yadda aka zo har nan ba a ambaci Steven Gerrard na Liverpool ba. A wasan ƙarshe na kofin FA na 2006 a Cardiff, West Ham tana gaba da ci 3 da 2, lokaci ya cika, jijiyoyin ƙafarsa sun riƙe saboda gajiya, ƙwallo ta faɗo masa a kimanin mita 30, ya doke ta ƙasa-ƙasa ta shige kusurwa, Shaka Hislop yana wurinsa. Liverpool ta ɗauki kofin a bugun fenariti. Tana da nisan da Auta yake nema, tana da mai tsaron gida a tsaye kamar yadda Kawu ya gindaya, tana kuma da nauyin ranar da Baba ya ambata. Ta Michael Essien na Chelsea a ragar Arsenal a Disambar 2006 ma ta cancanci a ambace ta, sai dai wasan lig ne da aka tashi 1 da 1.

Kawu Tsohon Gola (Aboabo): Ɗana Auta, maganar tazarar Yeboah hujja ce mai ƙarfi, don haka bari mu ajiye ta gefe mu tsaya inda babu gardamar nisa. Amma ban karɓi daidaita Sullivan da Muslera ba. Mai tsaron gidan da ƙwallo ta yaudare shi yana kan layinsa, ɗan wasa ne ya ci galaba a kansa, shi kuwa wanda ya baro layinsa da taku da yawa ba ya ma cikin karawar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a raga ya san bambancin: a ɗaya kana komawa gida kana cewa an fi ka, a ɗaya kuwa kana komawa kana zargin kanka.

Tun da ka kawo maganar Jabulani, ga gwajin da ya fi kowanne adalci. Kwana huɗu bayan wasanmu, ranar 6 ga Yuli, 2010, a birnin Cape Town, wannan Muslera ɗin dai, da wannan ƙwallon dai, ya fuskanci Holan a wasan kusa da na ƙarshe. A minti na 18 Giovanni van Bronckhorst, ɗan baya na hagu kuma kyaftin ɗinsu, mai shekara 35 da ke shirin ajiye takalmi bayan gasar, ya karɓi ƙwallo can gefen hagu, a tazarar da ta haura mita 30 kuma a karkace, inda raga take ƙara ƙanƙancewa a idon mai bugu. Bai ɗaga ta ba, bai kuma jira kuskuren kowa ba. Ya doke ta ta tafi a miƙe tana hawa, ta ratsa gaban raga zuwa kusurwar sama ta can nesa, ta daki turke ta ciki ta shiga. Muslera ya gan ta tun daga ƙafarsa, ya tashi a kan lokaci, ya miƙe iya tsawonsa, kuma bai kuskure komai ba. Holan ta ci 3 da 2 ta kai wasan ƙarshe. Ina ɗan Gana, ta Muntari ta fi soyuwa a raina, amma a matsayina na gola wannan ce nake sakawa a gaba, domin na yi ta dubawa ban ga inda mai tsaron gida zai tsaya ya tare ta ba.

Malamin Lissafi (Asawase): Kawu, wannan ta fi ta Yeboah ƙarfi a matsayin hujja, kuma lissafin kusurwa yana bayanka, domin wanda yake bugu daga gefe faɗin ragar da yake gani ya gaza na wanda yake tsakiya. Sai dai ka lura ta shigo ne a minti na 18, akwai sauran fiye da sa'a guda a gyara ko a ɓata, kuma Forlan ya farke ta da nasa bugun nesan kafin a tafi hutu. Ta Gerrard kuwa da ta kauce, West Ham ce za ta ɗaga kofi bayan 'yan mintoci.

Autan Sawaba: Na ji hujjar Yaya game da Nayim, kuma ita ce ta fi taɓa maganata, domin iri ɗaya ce da ta Beckham kuma kofi ta kawo. Abin da ya rage mini shi ne Nayim ya bugi tasa ne tana tsalle, wanda yake taimaka wa ƙwallo ta yi sama ta sauko, Beckham kuwa daga ƙasa ya ɗauke tasa tana gangarawa a kan ciyawa, kuma ya fi shi nisa da raga. Kawu, kai da ka tsare raga, wanne ne ya fi wuya a cikin biyun?

Kawu Tsohon Gola (Aboabo): Daga ƙasa ya fi wuya, ɗana, domin ƙafarka ce kaɗai za ta ba ta tsayi da saukowa, kuma a wannan na ba Beckham gaba da Nayim. Amma da Sullivan da Seaman sun ja da baya taku kaɗan kafin a buga, da kowannensu ya cafke tasa a ƙirji, alhali Muslera a Cape Town yana daidai inda kowane koci zai ce masa ya tsaya.