Neman kalma: me za mu kira saikoterafi?

Jama'a, a agaza mini da kalma. An ba ni aikin rubuta allon ƙofar wani asibiti da Hausa. Ɗaki ɗaya na likitan da ke duba larurorin hankali na yara ne, ɗayan na manya, inda ake yin abin da Turawa ke kira saikoterafi, wato magance damuwar rai ta hanyar magana da gwani. Kwana uku ke nan ina cizon biro.

"Likitan mahaukata" tun farko na soke shi. A Kano in aka ce "a kai shi Dawanau", kowa ya san ba kasuwar hatsi ake nufi ba. Uwar da ɗanta ɗan shekara 9 ya daina barci ya daina magana a aji, in ta ga wannan rubutu a ƙofa, juyawa za ta yi ta nufi gidan mai ruƙiyya. Ko doka ma ta yar da wannan harshe: dokar mahaukata ta 1958 ta kau, Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021 ta maye gurbinta.

"Likitan ƙwaƙwalwa" da ake ji a rediyo ba laifi, sai dai shi ma mai fasa kai ya yi tiyata haka ake kiransa. Na tsaya a "likitan hankali da ɗabi'a na yara da masu tasowa". Ban ce matasa ba, don a ƙasar nan mai shekara 45 ma shugaban matasa ne. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin waɗannan larurori kan fara ne kafin a wuce shekara 14.

Ɗakin manyan ne ya hana ni sakat.

Wani dattijo ya rubuto cewa "nasiha". Allah ya ƙara girma, Baba, amma mai nasiha shi ke magana kana sunkuye kana "to". A nan kuwa kai ne da bakin, gwanin yana saurare yana jefa tambaya, mako bayan mako, har ka kama zaren abin da ke cin ka. "Shawara" kuma zama ɗaya ake yi a tashi.

Asalin kalmar na Girka ne: rabi rai, rabi hidimar marar lafiya. Wannan hidima ita ce jinya a wurinmu, mai ɗaukar lokaci, mai son haƙuri. Kuma tun kafin 1895, wata majinyaciyar likita Josef Breuer a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ta laƙaba wa abin suna warkarwa da magana. Sai na ce "jinyar zance".

Nan take wata 'yar'uwa ta taka mini burki: "Yaya, in mijina ya ji zance zan je duk Talata, ai sai dai a zo biko!" Ta yi gaskiya. "Jinyar hira" kuma kamar ta bakin mai shayi.

Don haka "jinyar tattaunawa" na ɗauka. Ta ɗan yi nauyi a baki, amma ta nuna mutum biyu ne a cikin aikin, kuma ba allura ba ƙwaya, waɗannan na likita ne.

Saura sunan mai yin aikin. "Mai jinya" ba zai yiwu ba, tunda da marar lafiyar da mai kwana a gefen gadonsa duk haka muke ce musu. Ni "gwanin jinyar tattaunawa" nake gani. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuka ɗauko kalmar daga Faransanci, me kuke cewa a can? Mai fenti ya ce Asabar zai zo.